Bayan Shata da Ɗanƙwairo, wa kuma ya kamata a saurara?

Tambaya: Baba, barka da war haka. Ni matashi ne a Kawo, cikin Kaduna. In ana zancen waƙar da, Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya kaɗai nake ji ana ambata, in kuwa ta zamani ce, mutum biyar ko shida ne ke yawo a wayar kowa. Tunda ka daɗe a harkar ɗaukar sauti da shirya shirye-shiryen kiɗa, su waye kake ganin sun cancanci a saurare su amma ba a ba su haƙƙinsu ba? Kowane irin kiɗa ne ina so.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mutanen ukun da ka ambata sun ci sunansu, ba wanda zai rage musu komai. Amma ka fara sanin cewa a ƙasar nan suna bai taɓa bin gwaninta ita kaɗai ba, ya fi bin wanda ya samu ya tsaya gaban makirufo. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryar da ta fita daga garin nan tana kaiwa Sakkwato da Maiduguri har cikin Nijar da Kamaru. Makaɗin da ubangidansa ya kawo shi Kaduna, ko wanda masu ɗaukar sauti suka je har garinsu suka same shi, shi ne jama'a ke rubuto wasiƙa suna nema a Zaɓi Sonka, kuma yawan nema ke sa a sake kiransa. Wanda bai samu wannan hanya ba, ko da ya fi kowa iya waƙa, sunansa ba ya wuce gundumarsu. Saboda haka in kana neman waɗanda aka bari a baya, ka duba waɗanda ubangidansu manomi ne ko mahauci, da mata, da kuma waɗanda suke tsaye daf da shahararren amma ba a rubuta sunansu a jikin kaset ba.

Da waɗannan na ƙarshen zan fara, don su ne suka fi tsaya mini a rai. Ka sa waƙar Ɗanƙwairo, kowace ce, ka sa abin ji a kunne, ka daina bin muryarsa na ɗan lokaci, ka bi 'yan amshi. Za ka ji ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba. Jagora zai ɗauko ɗa ya kai shi rabi ya sake, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu kafin su dire kan gindi, kuma duk a numfashi ɗaya, ba wanda ya riga wani ko da da ƙiftawar ido. A daidai wannan lokaci hannuwansu na kan kotso, wato gangar nan mai fuska ɗaya da ake bugawa da yatsu, wadda ake manna wa nake a tsakiyar fata don amonta ya yi zurfi. Mutum yana waƙa, yana kiɗa, yana kuma sauraron inda jagora zai karya. Wannan aiki ne na shekaru, yawanci tun ana yara a gida ɗaya. Shi kansa Ɗanƙwairo a bayan yayansa Abdu Kurna ya fara, yana yi masa amshi, kuma yau in ka tambayi matasa goma waye Kurna da wuya ɗaya ya sani. A da, sau da yawa makirufo ɗaya ake kafawa, a sa jagora kusa da shi, sauran su yi da'ira a baya. Shi ya sa a tsofaffin faya-fayai kake jin su can nesa. Tsarin ɗaukar ne ya tura su baya, aikinsu kuwa shi ne rabin waƙar.

A cikin makaɗan fada kuma akwai Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Malaman jami'a sun san darajarsa, amma 'yan zamaninku ba su cika jin sa ba. A wurina, in ana maganar zaɓen kalma da iya habaici ba tare da an faɗi baƙar magana ba, yana sahun Narambaɗa. Ka haɗa da Salihu Jankiɗi mai taushi na fadar Sakkwato, da Aliyu Ɗandawo. Hausarsu ta Yamma ce, za ta ɗan yi maka nauyi da farko, ka yi haƙuri da ita.

Yanzu bari in kawo ka kusa da gida, wajen masu kukuma. Kukuma ƙanwar goge ce: ɗan ƙoƙo an rufe shi da fatar guza, tsarkiya ɗaya ta izgar doki, da ɗan baka shi ma na izga, wanda ake goga wa ƙaro don ya kama. Ba ta da wata alama a jikin sanda da za ta nuna wa mutum inda zai ɗora yatsa. Kunnensa ne kawai jagoransa, in ya kauce da faɗin gashi kowa zai ji. Gwanin kukuma yana sa ta faɗi maganar da shi zai faɗa kafin ya buɗe baki, domin tana hawa da sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. Ibrahim Na Habu ne ya fito da ita fili, Garba Supa ya riƙe gidajen biki da ita a Kano, akwai Ahmadu Doka, sannan ga Hassan Wayam, mutumin ƙasar Maradun da ya yi zamansa a Zariya. Na ga Wayam yana wasa a filin biki, kuma abin da ba zan manta ba shi ne yadda yake rage kiɗan har ya kusa ɗaukewa, masu kalangu su yi ƙasa da hannu, a bar kukumar ita kaɗai tana magana, 'yan rawa su tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama suna jira, sai ya sake ta gaba ɗaya fili ya rikice. Wanda ya iya riƙe ɗaruruwan mutane da tsarkiya ɗaya ba ƙaramin makaɗi ba ne. Abin da ya rage wa masu kukuma da goge daraja shi ne wuraren da ake kiransu. An jingina kayan kiɗan da bori da gidajen rawa, sai mutanen kirki suka riƙa jin nauyin a gan su da kaset ɗin, alhali a ɓoye suna saurare. Garba Liyo mai goge na Funtuwa ma wannan hukuncin ne ya hau kansa. Ni ina ganin an yi wa fasaha hukunci da laifin wurin zama, kuma an yi asara.

Haka Sani Ɗan Indo na Gusau: kuntigi yake kaɗawa, to kuntigi kuwa da an ambace shi Ɗan Maraya ake tunawa, sai inuwar babba ta rufe shi. Ka neme shi, salonsa daban ne. Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi ya yi suna a zamaninsa, musamman wajen direbobi, amma yanzu an fara mantawa.

Makaɗan noma su ne misali mafi bayyana na abin da na faɗa maka game da ubangida. Amali Sububu da Maidaji Sabon Birni manoma suka yi wa waƙa, mutanen da kyautarsu damin gero ce ko ɗan akuya, ba mota ko kujerar Makka ba. Kiɗansu an yi shi ne don a ji shi a gona ranar gayya, gangar na tafiya daidai da saran garma, mawaƙin na zuga wanda ya yi gaba yana zolayar wanda kunyar nomansa ta tsaya. In ka saurare su za ka ji sunayen iri da na ƙasa da na ciyayi waɗanda ba za ka same su a bakin ɗan birni ba. Kassu Zurmi kuma na 'yan tauri ne da mafarauta. Ba kowa zai so abin da yake zugawa ba, ni ma ba duka nake so ba, amma wanda ke son ya ji yadda ake kirari da Hausa mai kaifi ba shi da makawa sai ya bi ta kansa.

Mata kuwa, nan ne rashin adalcin ya fi yawa. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta samu ta tsallake, kowa ya san ta. Amma kiɗan amada ba da ita ya fara ba, kuma Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta fitowa. Amada kiɗan cikin gida ne, na ranar suna da biki, inda maza ba sa shiga, to mai ɗaukar sauti ma namiji ne, ta ina zai shiga? Kayan kiɗan kuwa ƙore ne: wasu a kife su a ƙasa, wata a kife ta a kan ruwa cikin babban masaki, a buga da 'yan sanduna. Wadda ke kan ruwa ita ke ba da amon ƙasa mai kauri, kuma mai bugun takan ɗan ɗaga bakinta ko ta danna don sautin ya sauya. A cikin waɗannan waƙoƙi ne matan Hausa suka faɗi ra'ayinsu kan kishiya da sana'a da haihuwa da miji marowaci, tun ba a fara kiran taro a otal don a tattauna matsalolin mata ba. Kusan kowane gari yana da tasa mai amada da tasa zabiya, kuma mafi yawansu sun tafi da waƙoƙinsu a ka.

Akwai wata da nake so kowane Bahaushe ya san ta, A'isha Falatiya ta Sudan. Asalin iyayenta daga ƙasar Sakkwato ne, mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta malami ne, kuma bai so ta yi waƙa ba. Ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai, sannan a farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, abin da ya buɗe wa matan Sudan ƙofa. Da Larabcin Sudan ta fi yin waƙa, amma ta yi da Hausa ma. Ta rasu a 1974. Mutanen Sudan suna girmama ta har gobe, mu da muke da jini ɗaya da ita ba mu cika sanin sunanta ba.

Ko a zamaninku abin bai sauya ba sosai. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, waƙar fim ta zama ita ce kasuwa, amma fuskar 'yar wasa ake gani tana motsa baki, mai muryar tana can cikin ɗan ɗaki an biya ta kuɗin zama ɗaya. Rabi Mustapha, Maryam Fantimoti, Maryam A. Baba, Zuwaira Isma'il, Murja Baba: waɗannan muryoyin sun raini tsara guda, kuma na tabbata ka haddace waƙoƙinsu ba tare da ka san nasu ba ne. Rera waƙa a kan kiɗan da aka riga aka buga, da sauri, a saman murya, ba tare da na'urar gyaran murya ta yanzu ba, aiki ne da 'yan kaɗan ke iyawa.

Wani kiɗan matan kuma yana nan cikin garinmu, sai dai Kaduna ta rabu gida biyu har kunnuwanmu ma sun rabu. Ina nufin ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-coci, a Sabon Tasha da Narayi da Kakuri da garuruwan kudancin jihar. Da Hausa suke waƙa. Suna zaunawa a jere da anko, gabansu manyan tuluna na yumɓu, ana bugun bakin tulun da ɗan faifan soso ya ba da wani amo mai zurfi da kake ji a ƙirji, ga caki, ga 'yar ganga, mai bayarwa ɗaya, masu amsawa talatin ko fiye. Ni Musulmi ne, aiki ne ya fara kai ni ɗaukarsu, kuma a matsayina na mai sana'ar sauti ina gaya maka tsarin amshinsu da daidaiton muryoyinsu abin a tsaya a yi nazari ne. Haka su ma can, da yawa ba su taɓa zama sun ji mandirin Ƙadiriyya ko makafin Zariya suna rera Imfirajin Aliyu Namangi ba, wanda babu ko ganga a cikinsa, murya ce zalla. In ka samu dama ka je Kagoro ranar 1 ga Janairu lokacin bikin Afan, ko Kwoi lokacin Tuk Ham, ka ji masu busa ƙaho da yawa kowa na riƙe da sauti ɗaya, sai an haɗa su waƙar ke fita.

Garin nan kansa yana da tarihin kiɗan zamani da aka bari ya kwanta. Bala Miller, ɗan gidan Miller na Zariya, an haife shi a 1928 ya rasu a 2003. Ya yi hulɗa da manyan masu hailaif na Legas, ya dawo Arewa ya riƙe kulob ɗin Costain a nan Kaduna, ya tara matasa ya koya musu kayan kiɗa, ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pirameeds, kuma ya yi shiri nasa a talabijin na ƙasa. Abin da ya yi shi ne ya ɗora Hausa tsantsa a kan ƙahonnin Turawa da jita da ganguna, da tsari irin na wanda ya san rubutun kiɗa. Duk mai cewa waƙar Hausa ta zamani da fim ta fara, bai ji Bala Miller ba. A shekarun 1970 ɗin nan, lokacin masaƙun Kakuri na aiki dare da rana, ma'aikata na da albashi, garin na cike da baƙi har aka yi babban hawan daba na FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata, a 1977, akwai ƙungiyoyi masu jita da ke wasa a otal-otal. Elcados na cikinsu, masu kiɗan rok, kuma yau masu tara tsofaffin faya-fayai a Turai sun fi mu sanin su. Bongos Ikwue ma a Zariya ya yi karatu, ya kuma haɗa ƙungiya a can. Daga baya, da gambarar zamani ta shigo, Kaduna ta fitar da irin su Terry tha Rapman da Pherowshuz da Overdose, waɗanda masu harkar suka yarda da alƙalaminsu amma kasuwar Legas ba ta ɗauke su yadda ta ɗauki wasu ba. A Kano kuma Ziriums ya yi ta da Hausa, yana faɗa wa masu mulki magana a lokacin da yin hakan ke da tsada.

Kada ka tsaya a kan iyaka, ka leƙa Nijar. Malam Maman Barka malamin makaranta ne mai kaɗa gurmi. A 2002 ya tafi bakin Tafkin Chadi wajen wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale na masuntan Buduma. Ya zauna ya koya, dattijon ya ba shi nasa, ya zaga duniya da shi kafin ya rasu a 2018. Ba don shi ba da wataƙila yau sai dai a ga biram a gidan tarihi. Akwai Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗan ogan na lantarki a kaset a 1978, 'yan Nijar suka shekara da shekaru suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba, sai a 2013 wani kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi duniya ta ji. Sa'adu Bori na Maraɗi iyayenka sun yi rawa da kiɗansa a garin nan, ka tambaye su. In kuma kana son jita mai gudu da ganguna masu zafi, ka nemi Tal National na Yamai, ƙungiyar da jagoranta alƙali ne, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunan ƙasar.

Wajen nema, ka je gun masu tura waƙa a waya a Kasuwar Barci ko babbar kasuwa, amma ka je da suna a bakinka, don in ka ce a ba ka waƙar gargajiya, Shata za a cika maka. Ka kuma yi hattara da sunayen da ke jikin fayil, a can da YouTube duka: sau da yawa duk waƙar kalangu a rubuta Shata, duk ta kotso a rubuta Ɗanƙwairo, wannan ma wata hanya ce da ƙananan sunaye ke ɓacewa. Littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, zai taimake ka ka san wane ne wane, da garinsa da abin kiɗansa. In da tsofaffin kaset a akwatin mahaifinka, kada ka jefa su cikin kowace rediyo, tsohuwar na'ura na cinye zare. Ka fara juya shi da biro ka ga yana tafiya sumul, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko yana nan, in ya yi fumfuna ka kai wa mai gyara. Sannan a juye shi a kwamfuta ba tare da an matse sautin ba. Yawancin takardun jikin kaset ɗin sun goge, don haka ka kunna wa wani dattijo ko wata gwaggo a gidanku, su faɗa maka mai waƙar da garinsu da wanda ake yi wa, in sun san 'yan amshi da makaɗan ma ka rubuta har da su a sunan fayil ɗin kafin ka tura wa kowa.